Ido a Kan Majinyaci Daga Nesa: Na'urorin Lura da Wanda Aka Yi wa Tiyata



Duk wanda ya san harkar asibiti ya san inda tsoron dangi yake taruwa ranar da za a yi wa ɗan'uwansu tiyata. A ƙofar ɗakin tiyata yake taruwa. Nan za ka gan su cirko-cirko, wannan yana jan carbi, wancan yana kai da kawowa, har sa'ad da aka turo gadon aka ce an gama lafiya. Daga nan sai hamdala, sai buga waya ana sanar da mutanen gida. Abin da nake so in fara nuna muku a yammacin nan shi ne lissafin likitoci ya saɓa wa wannan zato namu, domin kuwa lokacin da hankalin dangi yake kwanciya, a lokacin ne mafi yawan haɗarin yake somawa.

Wani babban bincike da Farfesa Devereaux na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada ya jagoranta ya bi sawun mutum 40,004 masu shekara 45 zuwa sama, waɗanda aka yi wa tiyata iri iri, ban da ta zuciya, a ƙasashe 14. An buga sakamakonsa a 2019. Daga cikin mutanen nan 715 sun rasu kafin cikar kwana 30. Nawa kuke tsammani suka rasu a kan teburin tiyata? Mutum 5 ne kacal. Mutum 500 sun rasu a asibiti bayan an fito da su, sauran 210 kuwa sai bayan an sallame su. A cikin shekarar dai wasu masana a Ingila suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.2 ne ke mutuwa kowace shekara a duniya cikin kwana 30 bayan tiyata, adadin da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki kaɗai suka fi shi kisa.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A ɗakin tiyata akwai ƙwararre guda, watau mai ba da maganin sa barci, wanda ba shi da wani aiki sai kallon majinyaci ɗaya. Yana ganin bugun zuciyarsa da yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa a kowace daƙiƙa, yana kuma auna ƙarfin jininsa bayan kowane minti 5 ko ƙasa da haka. To, da an mai da majinyacin ɗakin kwanciya sai al'amari ya sake. Can nas za ta zo ta auna shi bayan awa 4 ko 6, in ma'aikata sun wadata ke nan. Mu ɗan yi lissafi. In awon yana cin minti 5, ana kuma yin sa sau 6 a kwana, an dubi majinyaci na rabin awa ke nan cikin awa 24. Sauran awa 23 da rabi ba wanda ya san abin da jikinsa ke ciki. Ran da aka sallame shi kuwa ko wannan rabin awar babu.

Abubuwan da suka fi kashe mutane a wannan tsakani sanannu ne. A binciken da na ambata, zubar jini mai yawa, da raunin da ke samun tsokar zuciya, da yaɗuwar ƙwayoyin cuta cikin jini, su ne ke da alhakin kusan kashi 45 cikin ɗari na mace-macen. Akwai kuma danne numfashi da magungunan kashe zafi irin su mofin ke yi. Yawancin waɗannan ba sa aukuwa kwatsam. Jiki yakan yi shela tun da sauran lokaci: numfashi ya yi sauri ko ya yi jinkiri, bugun zuciya ya hau, ƙarfin jini ya sauka, zazzaɓi ya shigo, majinyaci ya fara sambatu ko yawan gyangyaɗi. Shelar takan ɗauki awoyi, sai dai sau da yawa tana faɗawa ne a tsakanin zagaye da zagaye.

An gwada wannan a Asibitin Cleveland na Amurka tare da wani asibiti a Kanada, aka buga a 2015. An maƙala wa majinyata 833 na'urar auna oksijin wadda ke rubuta awo ba dare ba rana, amma aka rufe fuskarta don kada ma'aikata su ga abin da take nunawa. Da aka buɗe bayanan sai aka tarar kashi 37 cikin ɗari na majinyatan oksijin ɗinsu ya sauka ƙasa da 90 na tsawon awa guda ko fiye, takardun nas-nas kuma ba su kama kashi 90 cikin ɗari na irin wannan saukar ba. Kada wani ya ɗauka sakaci ne. Mai barcin da numfashinsa ya yi rauni, da zarar nas ta taɓa shi ta kira sunansa sai ya farka ya ja dogon numfashi, awo ya fito lafiya lau, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani, ta wuce gado na gaba, shi kuwa ya koma barcinsa da raunin numfashinsa. Zuwan mai awo shi da kansa yake ɓoye abin da aka zo nema.

Wannan giɓi ne ake son na'urorin lura daga nesa su cike. Tunanin ya daɗe. A 1905 Willem Einthoven na birnin Leiden a Holan, da yake na'urarsa ta zana bugun zuciya ta yi nauyin da ba za a iya kai ta asibiti ba, sai ya ja wayar tarho daga asibitin zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kamar kilomita ɗaya da rabi, ya karanta zuciyar mutumin da ba ya gabansa. A ƙarshen shekarun 1940 Norman Holter na jihar Montana a Amurka ya ƙera na'urar da ke aika bugun zuciya ta rediyo, amma nauyinta ya kai kilo 38, goya ta ake yi kamar buhu. A 1972 kuma wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar da ta haifi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja da kuma wani da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba sun bambanta wajen shanye hasken nan biyu, na'urar kuwa tana duban sashen hasken da ke hawa da sauka tare da bugun jijiya, daga nan ta fitar da lissafi. Yau abin da Holter ya goya ya koma ɗan faci da ake liƙawa a ƙirji, ko abin ɗaurawa a wuyan hannu.

Kowane irin tsari aka ɗauka, sarƙa ce mai gaɓa huɗu. Akwai ma'aunin da ke jikin majinyaci. Akwai hanyar da awon ke bi ya isa wani wuri, ko rediyon cikin asibiti ko layin wayar hannu. Akwai kwamfutar da ke tace dubban lambobi ta ware wanda ya ƙetare iyaka ta buga ƙararrawa. Sa'an nan akwai mutumin da zai ji ƙararrawar ya tashi. Kamfanoni sun fi son yin magana a kan ukun farko, tun da su ake sayarwa. Ni kuwa a ganina duk abin da bincike ya nuna a shekarun nan yana komawa ne kan ta huɗun.

Mu fara da cikin asibiti. A ƙarshen 2007 Asibitin Dartmouth-Hitchcock na jihar New Hampshire ya sa wa kowane majinyaci a wani ɗakin masu tiyatar ƙashi mai gado 36 ma'aunin yatsa, aka haɗa shi da 'yar na'urar kira da ke aljihun nas ɗin da ke kula da shi. Dokta Andreas Taenzer da abokan aikinsa sun buga sakamakon a 2010. Kiran gaggawa don ceton majinyaci ya ragu daga 3.4 zuwa 1.2 a cikin kowane majinyaci dubu da aka sallama, masu komawa sashen kulawa mai tsanani kuma suka ragu daga 5.6 zuwa 2.9 a cikin kowane kwana dubu na kwanciyar majinyata. Abin da ya fi burge ni a aikin nan wata shawara ce da suka yanke wadda da farko za ka ce ganganci ne. A ɗakin tiyata an saba ƙararrawa ta buga in oksijin ya sauka ƙasa da 90. Su kuwa sai suka sauke iyakar zuwa 80, suka kuma sa na'urar ta jira wasu daƙiƙoƙi kafin ta kira kowa.

Hikimar ita ce mutumin da ke ɗakin kwanciya yana motsi, yana juyawa, yana cin abinci, yana cire abin daga yatsa ya shiga bayi, kowane ɗayan waɗannan kuma yana iya sa na'ura ta yi ihun banza. Wani bincike a San Francisco ya ƙirga ƙararrawa fiye da miliyan biyu da rabi cikin kwana 31 a sassan kulawa mai tsanani guda 5, kuma kusan kashi 89 cikin ɗari na ƙararrawar rikicewar bugun zuciya da aka bincika ƙarya ce. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma kunnen da ya sha ihun ƙarya tun safe ba zai ji na gaskiya da dare ba. Hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta ba da rahoto a 2013 cewa tsakanin 2009 da tsakiyar 2012 an kawo mata labarin mutuwar mutum 80 da ke da nasaba da ƙararrawa, wadda aka kashe, ko aka rage wa murya, ko aka ji aka yi biris. Saboda haka zaɓen iyaka aikin likita ne da nas, waɗanda suka san yawan kiran da ma'aikaci ɗaya zai iya amsawa a dare ɗaya. Bai kamata a bar wa mai sayar da kaya ba.

Yanzu mu bi majinyaci gida, inda gwajin da ya fi shahara ya fito daga Kanada. A 2020, lokacin annobar korona, asibitoci suna neman hanyar da za su rage masu dawowa don gadaje su ishi masu annoba. Michael McGillion da Devereaux suka ɗauki mutum 905 masu shekara 40 zuwa sama waɗanda aka yi wa tiyatar da ba ta jiran lokaci, a asibitoci 8, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka sallame su yadda aka saba. Ɗaya kashin aka ba kowa kwamfutar hannu mai kamar allo da kayan awon ƙarfin jini, da bugun zuciya, da numfashi, da oksijin, da zafin jiki, da nauyi. Har kwana 30 majinyaci yana auna kansa kowace rana, yana ɗaukar hoton wurin ɗinki, awon yana tafiya da kansa zuwa ga nas-nas da ke zaune dare da rana, suna magana da shi ta bidiyo, in abu ya ƙetare iyaka su miƙa wa likita.

Sakamakon da aka buga a 2021 ya cancanci a karanta shi da natsuwa. Babban abin da suka sa a gaba shi ne yawan kwanakin da mutum zai yi a raye a gidansa, a nan kuwa kusan babu bambanci: kwana 29.7 da kwana 29.5. Waɗanda suka sake komawa asibiti kashi 22 cikin ɗari ne a cikin masu na'ura, 27 a cikin sauran, bambancin da bai kai yadda masu lissafi za su rantse ba dace ba ne. Amma an sami wani abin da ya fito fili. An gano kuskuren shan magani a wajen kashi 30 cikin ɗari na masu na'ura, a ɗaya kashin kuwa kashi 6 kawai. Ba wai su ne suka fi yin kuskure ba, su ne aka duba. Masu na'urar sun kuma fi samun sauƙin ciwo. To, ku lura da wannan: babu ma'aunin da ke gano cewa tsoho yana shan ƙwaya biyu a maimakon ɗaya, ko ya daina shan wadda aka ce ya ci gaba da ita. Nas ce ta ce masa ya ɗauko magungunansa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Da masu binciken suka sake duba alƙaluman daga baya, sai suka ga asibitocin da nas-nas suka fi yawan miƙa matsala ga likita, likita kuma ya yi wani abu a kai, su ne aka fi samun raguwar masu komawa asibiti. Irin wannan dubawar ta bayan fage ba hujja ce yankakkiya ba, amma ta dace da abin da aka daɗe da sani.

Abin da aka daɗe da sani shi ne wanda Jeffrey Silber ya raɗa wa suna a 1992, watau gazawar ceto. Wani bincike na 2009 a kan majinyata fiye da 84,000 a Amurka ya kwatanta asibitocin da aka fi mutuwa da waɗanda aka fi tsira. An yi zaton za a tarar matsalolin bayan tiyata sun fi yawa a na farkon, sai aka tarar kusan daidai suke. Inda suka rabu shi ne abin da ke biyo bayan matsalar: a asibitocin da suka fi kyau kashi 12.5 cikin ɗari na masu babbar matsala ne suka rasu, a ɗaya gefen kashi 21.4.

Kafin in zo kan nahiyarmu akwai wani aibi na ma'aunin yatsa da ya shafe mu kai tsaye. Tun da da haske yake aiki, launin fata yana iya shiga lissafinsa. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka kwatanta awon yatsa da awon jinin da aka ɗebo daga jijiya. A lokutan da na'ura ta nuna 92 zuwa 96, watau ba abin damuwa, ainihin oksijin ya kasance ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙar fata, a na farar fata kuwa kashi 3.6. Na'urar ta fi yi wa mai duhun fata ƙaryar cewa yana lafiya, ninki uku. Sai a watan Janairu na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a riƙa gwada waɗannan na'urori a kan mutane masu launin fata daban-daban da yawa. Baƙin lalle da jan farce da sanyin yatsa su ma suna iya rikita awo. Duk asibitin da zai sayi irin wannan kaya a ƙasar Hausa ya kamata ya tambayi a kan fatar wa aka gwada shi. Akwai kuma batun sirri, domin hoton cikin mace da aka yi wa ɗinki ba abin da za a bari yana yawo a wayar kowa ba ne, Nijeriya kuwa tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

A 2016 aka yi wani bincike a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu, aka buga shi a 2018. Cikin majinyata 11,422, mutum 239 sun rasu, kashi 94 cikin ɗari daga cikinsu bayan ranar tiyata. Majinyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya, matsalolinsu ma ba su kai na sauran duniya yawa ba, amma haɗarin mutuwa bayan tiyatar da aka shirya ya ninka na duniya sau biyu. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka sami matsala ya rasu. Likitocin tiyata da na haihuwa da na sa barci, in an haɗa su duka, ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba a yankunan asibitocin. Kashi ɗaya cikin uku na ayyukan kuma tiyatar haihuwa ce.

Sai masu binciken suka ce, tun da matsalar rashin lura ce, bari a ƙara lura. Suka shirya gwaji na biyu a asibitoci 332 na ƙasashe 28, da majinyata kusan 29,000. Ba su yi amfani da na'ura mai tsada ba. An ware masu babban haɗari, aka ce a ƙara yawan auna su, a kwantar da su inda nas za ta riƙa hango su, a bar dangi su zauna kusa da su, a kuma rataya takardar alamomin haɗari a gefen gado. Sakamakon da ya fito a 2021 ya sanyaya gwiwa: kashi 1.3 cikin ɗari suka rasu a wannan gefe, kashi 1.3 a wancan. Asibitoci da yawa ba su iya aiwatar da shirin yadda aka tsara ba, domin ma'aikatan da aka ɗora wa ƙarin aikin su ne dai waɗanda aiki ya riga ya yi wa yawa. A nan na'ura tana da abin da za ta bayar, tun da ba ta gajiya ba ta gyangyaɗi, tana kuma iya nuna wa nas ɗaya mai gadaje da yawa wane gado za ta fara zuwa. Amma in ta isa gadon ta tarar jini yana zuba a ciki, tana bukatar jinin da za a ƙara, da tukunyar oksijin mai iska, da likitan da zai amsa waya ƙarfe uku na dare, da wutar da za a koma ɗakin tiyata da ita. Shugaban asibitin da ke da kuɗi kaɗan, in ya tambaye ni, zan ce ya fara tabbatar da waɗannan, ya sayi ma'aunin yatsa mai batir ga kowane ɗaki, irin wanda ƙungiyar Lifebox take rarrabawa tun 2011, kafin ya waiwayi faci mai aika saƙo.

Muna kuma da wani abu da asibitocin Turai ba su da shi, watau mai jinya. Uwa ko ƙanwa ko miji da ke shimfiɗa tabarma a gindin gado yana kallon majinyaci fiye da kowace nas. Abin da ya rasa shi ne sanin abin da zai duba, da kuma ƙarfin halin zuwa ya tashi ma'aikaci ba tare da tsoron tsawa ba. Ƙirga numfashi a minti ɗaya da agogon waya abu ne da ake koya wa mutum a zama guda, kuma yawan numfashi yana cikin alamomin da suka fi saurin nuna cewa jiki ya fara lalacewa.

Game da bayan sallama kuwa, misalin da ya fi kusa da halinmu daga Ruwanda yake. A gundumar Kirehe matan da aka yi wa tiyatar haihuwa sukan koma ƙauyuka masu nisa, dawowa asibiti don a duba ɗinki kuma yana cin kuɗin mota da wahalar hanya ga mai jego. Sai masu bincike suka gwada tura ma'aikacin lafiya na ƙauye gidan matar wajen kwana na goma, ya yi mata 'yan tambayoyi game da zafi da zazzaɓi da fitar ruwa ko mugunya, ya ɗauki hoton wurin ɗinkin da wayar hannu, ya aika wa likita a asibitin gunduma ta WhatsApp. Likita ya duba ya ce ta zo ko ta zauna. Kayan aikin duka waya ɗaya ce da cajinta, sai kuma likitan da aka ware wa lokacin buɗe saƙon a ranar da aka aiko shi.

Ya shugaban taro, nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.